Idan Sabon Kan Jirgi Ya Yi Gum

 Sharhinmu na yau zai leƙa wata sha'awa da ta yi ƙarfi a Jamus da Ingila da Amurka da Japan, wato tara ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, a riƙa gudanar da su a kan siririn layin dogo da mutum ya shimfiɗa a ɗakinsa. Kada jin an ce ƙanana ya sa a ɗauka kayan wasan yara ne. Da yawa cikin masu harkar magidanta ne da dattawa 'yan fansho, suna da ƙungiyoyinsu da mujallunsu da ranakun baje kolinsu, kuma a birnin Hambug akwai wani gida mai suna Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, inda jama'a ke bin layi su biya kuɗi don kawai su kalli irin waɗannan jirage suna kai da komo. Girman da aka fi yayi, wanda ake kira HO, kashi ɗaya ne cikin 87 na jirgin gaske, kuma tazarar ƙarafan layinsa milimita 16 da rabi ce. Kan jirgi irin wannan kana iya ɗaukarsa da hannu ɗaya, amma a cikinsa akwai injin lantarki, da fitilu, da 'yar lasifika, da wata mitsitsiyar kwamfuta da ake kira dikoda, kuma kuɗinsa kan kai fam ko yuro ɗari biyu, ɗari uku, har sama da haka.

To mutum ya kashe irin wannan kuɗi, ya ɓare kwali, ya ɗora sabon kan jirgi a layi, ya murɗa makunni, sai ya ga abu ya yi gum. Ko kuma ya motsa amma babu ko tari daga lasifika. Ko sautin injin ya tashi, ya mutu, ya sake tashi daga farko duk bayan taku kaɗan. Abin da zuciya ke fara raya wa mai shi shi ne an sayar masa da mataccen kaya. Ni kuwa a ganina, mafi yawan irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe ba su da alaƙa da lalacewa. Saɓanin magana ne tsakanin na'urorin da ya kamata su ji juna, kuma wanda ya bi su daki-daki, ya fara da wuta, ya koma kan saƙo, sannan ya ƙare da sauti, zai gano bakin zaren ba tare da ya kwance ko noti ɗaya ba. Sai dai zan ƙara da cewa kamfanonin da ke ƙera kayan suna da nasu alhakin a wannan ruɗani, kuma alhakin ba ƙarami ba ne.

Don a gane wannan saɓani sai an ɗan koma baya: a tsohon tsari, layin dogon shi ne komai. Ka ƙara ƙarfin wuta a layi, jirgi ya ƙara gudu. Ka juya wayoyi biyu, ya koma da baya. Duk kan jirgin da ke layin abu ɗaya zai yi da ɗan'uwansa, don haka mai son gudanar da biyu ko uku sai ya yanka layinsa gida-gida da tarin makunnai. An daɗe ana neman mafita. Kamfanin Hornby na Ingila ya fito da wani tsari mai suna Zero 1 a 1979, mai iya sarrafa kawunan jirgi 16, Märklin na garin Gofingen a Jamus ya kawo nasa a tsakiyar shekarun 1980, amma kowa yarensa daban, kayan wannan ba ya jin na wancan. Abin da ya haɗa kan kasuwar shi ne tsarin da Bernd Lenz, wani injiniya ɗan Jamus, ya ƙirƙiro. Ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Amurka, NMRA, wadda aka kafa tun 1935, ta ɗauke shi ta gina ƙa'ida a kansa, ta wallafa daftarin a 1993, kuma shi ne ake kira DCC a yau. A wannan tsari wuta ba ta barin layi, tana nan kullum wajen bolt 14 ko 15 a girman HO, sai dai tana juya fuska sau dubbai a daƙiƙa ɗaya, kuma a tsawon kowane juyi aka ɓoye saƙon. Gajeren juyi, mai kashi 58 cikin miliyan na daƙiƙa a kowane rabi, yana nufin ɗaya. Dogo, mai kashi 100 ko fiye, yana nufin sifili. Uwar na'ura da ke gefen tebur tana aika saƙon ga kowa, kamar sanƙira yana shela a bakin kasuwa: duk kunne ya ji, amma wanda aka ambaci sunansa ne kaɗai zai tashi.

Muhimmin abin lura a nan shi ne ƙarafa biyun nan su ne ke ɗauke da abincin jirgin, su ne kuma ke ɗauke da umarnin da ake ba shi. Shi ya sa binciken ke farawa daga ƙasa, daga inda taya ta taɓa ƙarfe. Wurin taɓawar bai fi tsinin allura ba. Ƙura kaɗan, ko maiƙon da aka lafta a masana'anta ya malalo kan gatari, ko baƙin fentin da ake yi wa tayoyi don su yi kama da na gaske, ko ɗan siririn tagullar da ke gogar bayan taya ya lanƙwashe a hanya, kowanne ya isa ya katse wuta na ƙiftawar ido. Kada a manta kuma galibin waɗannan kaya a kudancin Sin ake harhaɗa su, sai sun sha jijjigar kwantena da motar dako kafin su iso hannun mai saye, don haka dikoda ta ɗan zame daga mazauninta ba abin mamaki ba ne. A tsohon tsari irin wannan katsewa ba ta damun kowa, domin nauyin ƙarfen da ke juyawa tare da injin zai tura jirgin ya tsallake wurin ba tare da ido ya lura ba. Dikoda mai sauti kuwa kwamfuta ce, kuma kowa ya san halin kwamfuta idan aka ɗauke mata wuta: sai ta faro daga tushe. Shi ya sa za ka ji ƙarar tayar da injin dizal ta sake dawowa a tsakiyar tafiya, musamman a mararrabar layi inda akwai ɗan gurbin roba marar wuta. Mai shi sai ya ce sautin ne ya lalace, alhali sautin tona asirin dattin da ya daɗe a wurin kawai ya yi. Gwajin mai sauƙi ne. A samo guntun layi mai tsabta, a jona masa wayoyi biyu kai tsaye, a goge tayoyi da tsumma mai ɗan sifirit, a ɗora. Idan jirgi ya yi lafiya lau a nan, to laifin yana can a babban layi, kuma babu saitin da za a canza ya wanke datti. Idan katsewar ta ƙi ƙarewa a gajeren kan jirgi mai tayoyi huɗu ko shida, maganinta kafasita ce, danginta ɗaya da wadda ke cikin fanka, ana jona ta da dikoda ta riƙe wutar da za ta ishe ta tsallake gurbin.

Mataki na biyu, wanda ya kamata ma ya zama al'ada ga duk sabon kaya, shi ne ɗora shi a layin saiti kafin babban layi. Wannan wani keɓantaccen guntun layi ne da uwar na'ura ke ba shi wuta 'yar kaɗan da gangan. Hikimar ita ce idan akwai wayar da ta haɗu da wata a cikin jirgin, misali wayar injin ta taɓa ta layi, ƙarfin babban layi zai ƙona dikoda nan take, amma ƙanƙanuwar wutar layin saiti ba za ta kai ga haka ba. A nan ne kuma ake tambayar dikoda abin da ke cikinta. Yadda take amsawa abin sha'awa ne, domin asalin tsarin bai ba ta baki ba. Uwar na'ura ce ke tambaya, shin lambar kaza ce, ita kuma idan amsar e ce sai ta ɗan zuƙi wuta, aƙalla miliamfa 60 na tsawon kashi 6 cikin dubu na daƙiƙa, ta hanyar ɗan zaburar da injin. Ɗan motsin nan da ake gani jirgi na yi lokacin saiti, maganarsa ke nan. Amma ga tarkon: dikoda mai sauti tana da kafasitoci masu haɗama, da zarar an ba su wuta sai su kwashe ta, tsohuwar uwar na'ura kuma ta ɗauka haɗuwar waya ce ta yanke, ko ta kasa bambance amsar da hayaniya, sai ta rubuta cewa ba ta ga dikoda ba. Wannan saƙo ya sa an mayar da lafiyayyun kaya kanti ba adadi. Matsalar ta shahara har kamfanoni suka riƙa sayar da wani ɗan akwati na ƙara wa layin saiti ƙarfi saboda ita kaɗai.

Daga nan sai batun suna. Ƙa'ida ta ce kowace sabuwar dikoda ta fito da adireshi mai lamba 3, don haka wanda ya kira wata lamba daban bai kira kowa ba. Saitocin dikoda suna zaune a wasu gurabe masu lamba da ake kira CV. Gurbi na 1 shi ne gajeren adireshi, na 3 da na 4 su ne saurin tashi da saurin tsayawa, na 17 da na 18 su ke riƙe dogon adireshi mai lamba huɗu. Masu harkar sun fi son su sa wa kan jirgi lambar da ke rubuce a jikinsa, kuma a nan ake yawan tuntuɓe. Mu ɗauki 1234. Sai a raba ta da 256, a samu 4 da ragowar 210. A ƙara 4 ɗin a kan 192 a zuba 196 a gurbi na 17, a zuba 210 a na 18. Duk wannan daidai ne, amma jirgi ba zai amsa ba sai an gaya wa gurbi na 29 cewa yanzu dogon suna ake amfani da shi, ta hanyar ƙara 32 a kan abin da ke ciki. Wannan gurbi na 29 shi ne matattarar rikici, domin makunnai da yawa aka cusa cikin lamba ɗaya: 1 na juya gaba ta koma baya, 2 na zaɓen matakan gudu 28 ko 128 maimakon tsofaffin 14, 4 na ba jirgi izinin tafiya a tsohon tsari, 32 na dogon adireshi. Wanda ya ga 6 a ciki, ya goge ya rubuta 32 maimakon 38, ya samu sunansa amma ya rasa matakan gudunsa, sai fitilar gaba ta riƙa kunnuwa tana mutuwa duk lokacin da ya murɗa makunni, ya kwana yana zargin ƙwan fitila. Shi kuma makunni mai daraja 4 yana da nasa sharrin: idan saƙo ya gurɓace, dikoda kan ɗauka an mayar da ita tsohon layi, ta ga cikakkiyar wuta, ta kwasa da gudu har ta faɗo daga tebur. Shi ya sa gogaggu ke kashe shi. Akwai ma wani ɗan rami tsakanin lamba 100 da 127, inda wasu na'urori ke ɗaukarsu gajerun adireshi, wasu kuma dogaye, don haka jirgin da ke amsa kira a gida yana iya yin kunnen uwar shegu a layin ƙungiya.

Sai a kai nan tukuna a waiwayi sauti, kuma a nan ne nake ɗora wa kamfanoni laifi. Ƙa'idar DCC ta daidaita abin da ke gudana a kan layi, ta daidaita launin wayoyi, ja da baƙi na layi, ruwan lemo da ruwan toka na injin, shuɗi na fitilu, amma ba ta ce ga maɓallin da zai yi kaza ba. An rubuta ta a zamanin da buƙatar mutane ba ta wuce kunna fitila ba. Da sauti ya shigo, kowa ya bi son ransa. A Turai da Ingila galibi maɓalli na 1 ne ke tayar da sauti. A Amurka na 1 ƙararrawa ce, na 2 ƙaho, na 8 kuma shi ne na tayar da sauti ko kashe shi. Ke nan Ba'amurken da ya sayi kan jirgin Jamus yana iya danna 8 har yatsansa ya gaji. Wasu na'urorin hannu na Amurka sun mai da maɓalli na 2 na danna-ka-saki saboda ƙaho, alhali wani mai tsara sauti ya ɗora masa aikin da ke son a danna a bari. Tsofaffin na'urori ba su wuce maɓalli na 8 ko na 12 ba, sabon kan jirgi kuwa yana iya kaiwa 28. Ƙarfin murya ma haka: a dikodar ESU ta Jamus gurbi na 63 ne, a SoundTraxx ta jihar Kolorado na 128 ne, a Zimo ta birnin Biyana na 266 ne. Wanda ya karanta shawarar da aka ba mai wata dikoda, ya aiwatar a tasa, yana iya taɓa abin da bai san aikinsa ba. Saboda haka kafin a canza komai a karanta gurbi na 8, inda lambar maƙerin take: 151 ta ESU ce, 141 ta SoundTraxx, 145 ta Zimo, 99 ta Lenz. Sunan da ke jikin kwali na wanda ya ƙera gangar jirgin ne, sau da yawa ƙwaƙwalwar daga wani gida aka sayo ta. Har mazaunin dikodar ma kala-kala ne, mai ƙafa 6, mai 8, mai 18, mai 21, mai 22, kuma mai ƙafa 21 ɗin kansa iri biyu ne da ido ba ya bambancewa, sun saɓa a yadda suke ba ƙarin fitilu wuta.

Wani kaso na ƙorafin kuma ba ma saɓani ba ne, kwaikwayon ne ya yi kyau har ya wuce tsammanin mai saye. Kan jirgin dizal na gaske ba ya zabura da an taɓa shi. Sai injin ya ɗauki ƙugi, birki ya saki iska, sannan tayoyi su fara juyawa. Masu tsara sauti sun gina wannan jinkiri a ciki, don haka mutum zai murɗa makunni ya ga daƙiƙu sun wuce babu motsi, ya ƙara murɗawa, can sai jirgi ya taso da ƙarfin da bai nema ba. Akwai maɓallin birki da idan aka bar shi a danne jirgi zai yi ta ƙugi a wuri ɗaya. Akwai gurbi na 19, na haɗa kawuna biyu su ja tare, wanda idan wani ya gwada kayan a kanti ya bar lamba a ciki, fitila da ƙaho za su amsa sunan jirgin amma tayoyi su ƙi. Game da ƙorafin cewa muryar siririya ce kamar ta sauro, wannan hukuncin kimiyya ne. Lasifikar da ba ta fi ƙwayar sukari ba ba za ta iya fitar da rugugin injin da ke girgiza ƙasa ba. Abin da za a iya gyarawa shi ne akwatinta, domin idan bayanta a buɗe yake, iskar da ta tura gaba sai ta zagayo ta cike wadda ta janye a baya, sautin ya cinye kansa. Ɗan gam da ya ɓalle a bakin akwatin ya isa ya rage murya sosai. Mai niyyar canza lasifika kuma ya duba ma'auninta, domin dikodojin yanzu na son om 4 ko 8, wasu tsofaffin ESU kuwa 100 suke so, kuma sa musu ƙarama na iya ƙona sashen sautin.

Na san mai sauraro zai ce, malam, wannan duk wahalar ta mece ce? Na biya kuɗina, kaya bai yi ba, in mayar musu. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma doka na bayanta. A Biritaniya dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ta ba shi kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa, a Tarayyar Turai kuma akwai garantin shekara biyu. Ban ce kowa ya sarayar da haƙƙinsa ba. Hasali ma matakan binciken da na lissafa, ban da gyaran kafasita da na lasifika, an zaɓe su ne don ba sa taɓa wannan haƙƙi: goge taya, karanta gurbi, danna maɓalli, babu wanda ke buƙatar buɗe ganga ko ɗaukar ƙarfen soda. Amma a yi la'akari da abin da mayarwar ke haifarwa idan laifin na layinka ne ko na tsohuwar na'urarka. Za a gwada a kanti a ga lafiya lau, a dawo maka da shi ko a ba ka wani, shi ma ya zo ya yi gum a wuri guda, ka yi asarar makonni da kuɗin aike. Ballantana irin waɗannan kaya a ƙayyade ake buga su, wanda ka mayar yana iya zama na ƙarshe a kasuwa. Binciken kuma shi ne ke ba ka hujja idan aibin na gaske ne. Ƙaurin ƙonewa, ko ganga ta yi zafi, ko uwar na'ura ta yanke wuta da zarar an ɗora jirgin shi kaɗai a tsabtataccen layi, ko ya ƙi amsawa a na'urori biyu daban-daban, waɗannan alamu ne da ke cewa a tsaya nan. Wanda ya wuce su ya fara kwance-kwance, garin neman gira zai rasa ido, don garantin ma ya tafi.

Wasu kuma cewa suke a taƙaita zance, a mayar da dikoda saitin masana'anta, komai ya koma daidai. Gaskiya ne wannan magani ne mai kyau ga wanda ya riga ya hargitsa gurabensa, kuma a dikodoji da yawa rubuta 8 a gurbi na 8 ne kawai. Amma ko a nan ba a haɗu ba, Lenz 33 yake so a wannan gurbi, wasu kuma wani gurbin ne daban. Abin da ya fi wannan muhimmanci, masana'anta biyu ce ko uku ta taɓa kayan: wadda ta ƙera dikoda, wadda ta ɗora sauti ta daidaita shi da wannan injin, wani lokaci har da kantin da ya sa ta. Idan na ƙarshen bai adana gyaransa a matsayin tushe ba, sharewar za ta tafi da daidaiton fitilu da na tafiyar injin, ka tashi da matsala biyu a maimakon ɗaya. Kuma sharewa ba ta gaya maka abin da ya faru, gobe zai sake faruwa. Hanyar da ta fi ita ce a karanta gurabe a rubuta kafin a taɓa, a canza abu ɗaya, a gwada, sannan a matsa gaba. Akwai manhajar kyauta mai suna JMRI da masu sha'awa suka rubuta, wadda ke karanta gurabe duka ta adana su a kwamfuta, ta kuma nuna su da kalmomi maimakon lambobi. 

Suka mafi nauyi ita ce ta dattawan da ke cewa tsohon tsari ya fi kwanciyar hankali, wayoyi biyu da makunni ɗaya, abin da ya lalace ido na ganinsa. Ba za a ce sun yi ƙarya ba. Tsarin dijital ya kwashe matsala daga inda hannu ke taɓawa ya kai ta cikin lambobi, kuma ga mai kan jirgi ɗaya a zagaye ɗaya, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Sai dai su tuna abin da aka samu. Dikoda tana auna wutar da injin ke mayarwa yayin juyawa, ta riƙa gyara ƙarfinsa, shi ya sa jirgi ke iya rarrafe a hankali a kan tudu ba tare da ya tsaya ba. Kawuna goma na iya aiki a layi ɗaya kowa da direbansa. Fitila na ci ko jirgi na tsaye. Tsohon tsarin ma ba sauƙi ne da shi ba idan layi ya girma, wahalarsa tana ƙarƙashin tebur ne, cikin sarƙaƙiyar wayoyi. Masu cewa kuma sabon yayi na sarrafawa da wayar hannu zai share komai, kamar tsarin Bluetooth da Hornby ya fitar a 2023, sun yi daidai a rabi ɗaya. Saƙo ya bar layi ya koma iska, lambobi sun zama rubutu a fuskar waya, amma wutar har yanzu ta taya take shigowa, don haka tsumma da sifirit ba su yi ritaya ba.

Abin da ke nuna ruɗanin ba dole ba ne shi ne an riga an warware shi a wasu wurare. Tun wajen 2004 Märklin ya fito da tsarinsa na mfx, inda kan jirgi ke gabatar da kansa ga uwar na'ura da zarar an ɗora shi, ya faɗi sunansa, ya nuna hoton aikin kowane maɓalli. A ɓangaren DCC, Lenz ya ƙirƙiro RailCom, wanda ke yanke wuta na ɗan mitsitsin lokaci tsakanin saƙonni don dikoda ta samu damar mayar da magana, ESU kuma ya gina irin wancan gabatar da kai a kansa. Fasahar tana nan, abin da ya rage shi ne mai ƙera dikoda da mai ƙera uwar na'ura su yarda su yi aiki da iri ɗaya, kuma kowannensu yana da dalilin kasuwa na son ka sayi duka biyun a wurinsa. Kafin su daidaita, akwai abin da bai fi ƙarfin kowane kamfani ba: takarda ɗaya a saman kwali, ba a shafi na arba'in na littafin da sai an sauke daga intanet ba, mai faɗin sunan dikodar da ke ciki, da adireshinta, da maɓallin da ke tayar da sauti, da gurbin ƙarfin murya, da lambar sharewa, da abin da gurbi na 29 ke ɗauke da shi ranar da jirgin ya bar masana'anta.